Wasiƙa Daga Amurka: Makin Gwaji da Sanin Lokacin Zama NCLEX

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan jinya na gida, da ƙannenmu da ke makarantun koyon jinya. Ya aiki, ya haƙuri da aikin dare? Allah ya ba da lada.

Tambaya ɗaya ce ta fi zuwa mana daga masu shirin zama NCLEX-RN, jarrabawar da sai da ita ake ba nas lasisin aiki a Amurka da mafi yawan lardunan Kanada. Mutum zai ce yana samun kashi 62 cikin 100 a tambayoyin gwaji, ya shirya ko da saura? Wannan lambar ita kaɗai ba ta isa amsa ba, kuma dogaro da ita ya sa mutane da yawa sun yi asarar kuɗin jirgi da na rajista.

Mun taso da jarrabawar da ake ba kowa tambayoyi iri ɗaya, a ƙirga daidai, a fitar da kaso. NCLEX ba haka take ba. Hukumar NCSBN, wato majalisar hukumomin jinya na jihohin Amurka, ce ke tsara ta, kamfanin Pearson VUE ke gudanar da ita, kuma kwamfuta ce ke zaɓo wa kowa tambayarsa gwargwadon amsar da ya bayar a baya. Ka ci, ta ƙara nauyi. Ka faɗi, ta sassauta. Kullum tana neman tambayar da damar cinta a wajenka take rabi da rabi. Saboda haka gwani da mai rauni duk za su fito suna jin sun faɗi kusan rabin tambayoyin. Abin da ya raba su shi ne nauyin tambayoyin da kowa yake fafatawa da su. Akwai layin ci da hukumar ta ja, tana sake duba shi duk shekara uku. Da zarar kwamfutar ta tabbata da kashi 95 cikin 100 cewa mutum yana sama da layin ko yana ƙasa da shi, sai ta rufe. A tsarin da aka fara a watan Afrilun 2023, mafi ƙarancin tambayoyi 85 ne, mafi yawa 150, a cikin awa 5 har da lokacin hutu. Guda 15 daga ciki ba a ba su maki, ana gwada su ne don gaba, kuma ba a gane su. Ba a tsallake tambaya, ba a komawa baya.

Wannan ya nuna babu wani kaso da ake kira makin ci a NCLEX. Kashi 55 a rumbun tambayoyi mai tsauri yana iya fin kashi 75 a mai sauƙi daraja. Kwatanta makin manhajojin tambayoyin gwaji, irin su na UWorld da na Kaplan ko Archer, kamar kwatanta mudun wannan kasuwa ne da na waccan. Abin da ya fi amfani a waɗannan manhajoji shi ne matsayinku a tsakanin sauran masu amfani da rumbun, da kuma yawan mutanen da suka ci tambayar da kuka faɗi. Idan kashi 80 na mutane sun ci tambaya ku kuka faɗi, wannan rami ne a karatunku, a tsaya a cike shi. Idan kashi 25 ne kawai suka ci, a karanta bayani a wuce.

Akwai hanyoyi uku da maki yake kumbura ba tare da ilimi ya ƙaru ba. Ta farko maimaita tambaya: wanda ya sake amsa abin da ya gani sati biyu da suka wuce, tunawa yake yi, ba tunani ba. Ta biyu zaɓar fanni: idan ka ce wa manhaja ta ba ka tambayoyin zuciya kawai bayan ka gama karanta zuciya, ka riga ka san inda amsa take kafin ka karanta tambaya. Ta uku amsawa ba agogo, kana ganin bayani bayan kowace tambaya, kana shan shayi, kana leƙa waya. Duk ukun suna da amfani wajen koyo. Wajen auna kai kuwa, makinsu ba abin ƙirgawa ba ne.

Sai batun yawan tambayoyi, wanda mutane suka fi rainawa. Ɗauki mutumin da ainihin ƙarfinsa kashi 60 ne. Idan ya yi gwaji mai tambaya 25, lissafi ya nuna makinsa zai iya faɗawa ko'ina daga kusan 40 zuwa 80 ba tare da komai ya canza a kansa ba. Mai tambaya 75 yana yawo tsakanin 49 da 71. Sai an tara tambaya 500 sannan tazarar take tsukewa zuwa kamar 56 da 64. Ke nan wadda ta samu 72 ranar Litinin ta yi murna, ta samu 52 ranar Laraba ta kwana tana kuka, mai yiwuwa babu abin da ya faru da ita illa sa'ar tambayoyi. Muna roƙonku kada ku yanke wa kanku hukunci da gwaji ɗaya, mai daɗi ne ko marar daɗi. Ku duba matsakaicin sababbin tambayoyi 400 zuwa 500 na baya-bayan nan, ku kwatanta da 500 ɗin da suka gabace su.

Ga yadda ake gwajin da za a iya dogaro da shi. Tambayoyi sababbi fil, a cakuɗe daga kowane fanni, aƙalla 85 a zama ɗaya, da agogo, a kan kwamfuta ba waya ba, a lokacin da kuke sa ran zama ta gaske. Waya a wani ɗaki. Idan wuta ba tabbas, a cika batir tun dare, don gwajin da aka yanke a tsakiya ya lalace. A ba kowace tambaya kamar minti biyu, domin minti 300 ne a kan tambaya 150. Sau ɗaya aƙalla a yi cikakkun 150, saboda akwai masu kyau a awa biyun farko da suke zubewa a ta huɗu, kuma ba a gane haka sai an gwada. A kwatanta makin tambayoyi 50 na farko da na 50 na ƙarshe. Idan tazarar ta yi yawa, matsalar juriya ce, ƙarin karatu ba zai magance ta ba, sai ƙarin dogon zama.

Wasu manhajoji suna da gwajin auna shiri na musamman, suna ba da sakamako a matakai: dama kaɗan, kan iyaka, dama mai yawa, dama mai yawa ƙwarai. Hasashen kamfani ne, ba na hukuma ba, amma ya fi kaso tsura. A ganinmu, wanda ya samu mataki na sama sau uku a jere, da tazarar kwana biyar zuwa bakwai tsakani, a sharuɗɗan da muka faɗa, ya kai ya tsai da rana. Wanda yake samun sama yau, kan iyaka gobe, yana daf da layi ne, kuma na daf da layi su ne kwamfuta take ja har tambaya ta 150. Kada a ƙona waɗannan gwaje-gwaje a farkon karatu, ba su da yawa. Ɗaya a farko don sanin inda aka tsaya, sauran a ajiye wa makonni shida na ƙarshe.

Abin da ya fi maki faɗar gaskiya shi ne littafin kurakurai. Littafi na takarda, kowace tambayar da aka faɗi a rubuta layi ɗaya: me ya sa? Ban san abin ba ne, ko na sani amma ban karanta tambayar da kyau ba, ko na rage saura amsa biyu na zaɓi wadda ba ita ce ta farko a muhimmanci ba, ko na canza amsa daidai zuwa kuskure? A haɗa da waɗanda aka ci da canki, domin su ma faɗuwa ce da ba ta bayyana ba. Bitar tambaya 75 tana cin awa biyu zuwa uku idan da gaske ake yi, ta fi amsawar kanta ɗaukar lokaci. Bayan sati uku a ƙirga. Idan rashin sani ne ya fi yawa, a koma karatu, a rage tambayoyi. Idan zaɓi tsakanin amsa biyu ne, ilimin yana nan, tsarin fifitawa ne da saura.

Misalin fifitawa. Kun karɓi aiki da safe, marasa lafiya huɗu. Mai sikila yana kukan ciwo, ya ce takwas cikin goma. Mai ciwon suga, sugansa 250. Mai tsohon ciwon huhu na COPD, iskar jininsa 90. Sai matar da aka yi wa aikin maƙoƙo jiya, tana kwance shiru, amma in ta ja numfashi wani siririn sauti yana fita kamar fito. Zuciya takan tafi wajen mai kuka. Jarrabawa tana son a fara da mai shirun nan, domin hanyar numfashinta ce take toshewa, kuma minti kaɗan ya rage. Sauran ukun abin da ake tsammani ne daga ciwonsu. Sabon abu yana gaban tsoho, wanda ba a zata ba yana gaban wanda aka zata.

Ƙwararrun nas-nas na gida sukan faɗi a wuraren da ƙwarewar tasu ce ta ja su. A asibitinmu nas ɗaya tana riƙe da ɗaki guda, tana dabara da abin da ya samu. Jarrabawa tana ɗauka akwai kayan aiki, akwai ma'aikata, akwai umarnin likita, a amsa yadda littafi ya ce. Fannin tafiyar da kulawa shi ne mafi girma a tsarin 2023, kashi 15 zuwa 21, kuma a cikinsa ne rabon aiki yake: me za a miƙa wa nas mai lasisin LPN, wato ƙaramin lasisin da ke ƙasa da na RN ɗin da kuke nema, me za a miƙa wa mataimaki marar lasisi. Duba mara lafiya na farko, koyar da shi, da auna ko magani ya yi aiki, waɗannan ba a miƙa su ga kowa. Haka sirrin mara lafiya: ba a gaya wa miji ko uwa sakamakon gwaji sai da izinin mara lafiyar, kuma ba a sa ɗan'uwa ya yi tafinta, ana kiran tafinta na asibiti. Wannan ya saɓa da abin da muka saba, shi ya sa hannu yake zamewa zuwa amsar da ba ita ba.

Fannin magunguna yana biye, kashi 13 zuwa 19, kuma sunaye suna rikita mutane. Paracetamol a nan acetaminophen ne, salbutamol albuterol, pethidine meperidine, glibenclamide glyburide, adrenaline epinephrine. Suga ana auna shi da mg/dL, wanda ya saba da mmol/L ya ninka da 18. Nauyi yakan zo da fam, a raba da 2.2 kafin lissafin magani. Ku duba makinku fanni-fanni. Kashi 65 gaba ɗaya da yake ɓoye 45 a magunguna ba shiri ba ne. A gefe guda, abin da kuka sani da hannu riba ne: wadda ta sha ba mai jijjigar ciki magnesium sulfate ta san a duba motsin gwiwa, numfashi kada ya gaza 12 a minti, fitsari kada ya gaza mil 30 a awa, calcium gluconate yana kusa.

Kowa zai gamu da labarin mara lafiya guda uku, kowanne da tambayoyi shida a jere, daga gano alamu har zuwa auna sakamakon matakin da aka ɗauka. Ku tabbata rumbunku yana da irinsu. Tambayoyin zaɓi duk waɗanda suka dace kuma yanzu ana ba da makin rabi, amma kuskure yana cinye daidai. Zaɓi shida, uku daidai: ka ɗauki ukun da ƙarin ɗaya na shakka, makinka biyu. Ka ɗauki duka shidan, sifili. Wanda ba ka da tabbas a kansa, ka bar shi.

Yanzu kuɗi da lokaci. Rajista da Pearson VUE dala 200 ce, mai zama a wajen Amurka ya ƙara dala 150, ban da kuɗin hukumar jinya ta jihar da aka nema da na tantance takardun makaranta. Da yawa daga masu zama daga Najeriya sai sun yi tafiya zuwa wurare irin su Johannesburg ko Landan, ga biza, ga jirgi, ga masauki. Takardar izinin zama, wadda ake kira ATT, yawanci kwana 90 take yi, kuma ba a ƙara wa'adinta. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a biya kuɗin rajista tun karatu bai nuna ba, ATT ta fito, agogo ya fara, mutum ya shiga ɗakin jarrabawa don wa'adi ya matse shi. A fara tantance takardu da wuri, don ita ce mai jan watanni, a riƙa karatu tana tafiya. Rajistar Pearson kuwa a jinkirta ta har sai gwaje-gwaje sun fara zama a sama. Sunan da ke ATT ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi, in ba haka ba za a mai da mutum daga ƙofa kuma kuɗin ya tafi. Masu tallar wai tambayoyin jarrabawa na gaske a WhatsApp da Telegram, ku nisance su. Maguɗi ne da zai iya sa a soke sakamako, kuma kuɗinku kawai za su ci.

Rufewar kwamfuta a tambaya ta 85 ba ta nuna ci ko faɗuwa, tana nuna ta gama tabbata ne kawai. Wucewa 85 kuma yana nufin har yanzu kuna cikin fage, a ci gaba da amsa kowace tambaya da natsuwa. Wanda bai samu ba, za a aiko masa da rahoto mai nuna kowane fanni ko yana sama da layi, ko kusa da shi, ko ƙasa. Sai bayan kwana 45 ake sake zama, wasu jihohin kuma suna iyakance yawan zaman. A fara da fannonin da aka rubuta ƙasa da layi, a sayi rumbun da ba a taɓa amfani da shi ba, domin tsohon ya riga ya zama hadda.

A gaida mutanen gida da abokan aiki.

Wassalam,
'Yan'uwanku ma'aikatan jinya a Amurka