Mako na shida: yau harshen wutar ya mutu da kansa

’Yan uwa masu koyo, albishirinku. Daren jiya, wajen ƙarfe ɗaya, ina zaune a ɗakina nan Samaru, harshen wutar da na yi wata guda ina fama da shi a ATPDraw, manhajar kwamfuta ta kwaikwayon layukan lantarki, ya mutu da kansa a kan allo. Sau uku na sake kunna lissafin kafin na yarda da idona.

Ga waɗanda suka shigo mana kwanan nan: idan tsawa ta faɗa wa babban layi, irin mai kilobolt 330 da ya taso daga Kaduna zuwa Kano, galibi waya ɗaya ce cikin wayoyi ukun layin take haɗuwa da ƙasa ta hanyar harshen wuta, wato lantarki da ke tsallakawa ta cikin iska. Maimakon a katse ukun duka, sai a buɗe mai matsalar kaɗai, a ɗan jira, a mayar. To, wayar nan da aka buɗe ba ta mutu murus ba. Sauran biyun suna nan da wuta, suna ɗiga mata kaɗan-kaɗan saboda kusancinsu da ita, ta cajin da ke tsakaninsu da kuma maganaɗisu. Wannan ɗigon shi ke ciyar da harshe na biyu, wato wanda ke ci gaba da ci bayan an buɗe wayar, kuma shi nake kwaikwaya. Ƙarami ne, amma in aka mayar da wuta bai mutu ba, an koma gidan jiya.

Na bi tsarin lissafin wani masani, Kizilcay, wanda tushensa ke komawa ga aikin wasu masana biyu, na Cassie na 1939 da na Mayr na 1943. Ana ɗaukar harshen a matsayin hanyar da sauƙin bin wutarta ke canzawa, kuma ba ya canzawa nan take, yana ɗan jinkiri kamar garwashin da aka daina yi wa fifita. Layina na gwaji kilomita 230 ne, hez 50 kamar na ƙasarmu.

Inda na maƙale tun mako na uku shi ne tsawo. Na bar wa harshen tsawo ɗaya tun daga farko har ƙarshe, sai ya yi ta ci ba iyaka. Wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin manyan layuka, muna haɗuwa a masallacin unguwa, shi ya warware mini. Na nuna masa zanen a waya bayan la’asar, ya ƙura ido, ya ce: “Ɗana, ka taɓa ganin wuta ta tsaya cik a iska? Zafi ke ɗaga ta, iska ta ja ta, ta yi ta miƙewa har ta tsinke.” Na ce, “Baba, wallahi nan ne.” A lissafin ma haka abin yake. Gwargwadon miƙewar harshen, gwargwadon ƙarfin wutar da yake buƙata don ya rayu, jinkirinsa kuma yana raguwa, har wayoyin biyu su gaza ciyar da shi. Da na sa tsawon ya riƙa ƙaruwa da lokaci, sai na ga ƙololuwar zanen tana hawa zagaye bayan zagaye, sannan ɗif.

Shawara biyu. Ku duba ma’auni da kyau, domin wasu takardu bolt a kowace santimita ta tsawon harshen suke bayarwa, wasu a kowace mita. Sannan ku rage tazarar lokacin lissafi, wato ɗan lokacin da ke tsakanin takun lissafi ɗaya da na gaba. Da na barta da faɗi, zanen ya cika da haƙora kamar zarto, na ɗauka harshen ne ke sake kamawa, ashe lissafin ne ke rawa.

Har yanzu saurin miƙewar da hannu nake sa shi, kuma hankalina bai kwanta da hakan ba, don iskar hunturu daban take da ta damina. Mako mai zuwa in Allah ya yarda zan ɗaura riyakta mai ƙafa huɗu, wato na’urar naɗaɗɗiyar waya da ke soke cajin layi, in ga yadda za ta rage ɗigon. Wanda ya riga ya gwada, don Allah ya faɗa mini yadda ya zaɓi girman ƙafa ta huɗun.