Wa ya shige cikin wa? Bambancin "merge with" da "merge into"

Duk mai rubuta wa ƙungiya takardu da Turanci a nan Sakkwato, ko sakatare ne ko mai buga takardu a shagon kwamfuta, wata rana sai ya ci karo da kalmar "merge", kuma 'yar ƙaramar kalmar da ke biye da ita ce ke nuna ko ya fahimci abin da ya auku. Idan aka ce "merge with", ana nufin ɓangarori biyu sun haɗu, ba tare da an bayyana cewa ɗaya ya haɗiye ɗaya ba. Idan kuwa aka ce "merge into", to wanda aka fara ambata ya narke a cikin na biyu, sunansa ya ɓace.

A shekarar 2019 bankin Diamond ya haɗu da bankin Access, kuma sunan Access ne ya ci gaba da zama a kan allunan rassa. Saboda haka "Diamond merged with Access" daidai ne, "Diamond merged into Access" ya fi fayyace lamarin, amma wanda ya rubuta "Access merged into Diamond" ya juya labarin baki ɗaya. Batun APC daban ne, domin a 2013 ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA duk sun ajiye sunayensu suka haifar da sabuwar jam'iyya, shi ya sa "merged to form" ya fi dacewa da ita.

Abin da ya sa na damu da wannan shi ne takardar zaman wasu ƙungiyoyi biyu na 'yan kasuwar albasa da aka kawo mini in duba. Dattawan sun amince da Hausa cewa za su dunƙule su zaɓi sabon suna, amma a rubuce an sa ƙaramar ƙungiyar "merged into" babbar. Shugaban ƙaramar ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Malam, karanta mini wannan da Hausa." Da na karanta, sai ya ce sam ba haka aka yi ba, kuma yana da gaskiya, domin takardar ce za a kai banki idan an zo sauya sunan asusu, kuma ma'aikacin banki abin da ke rubuce zai bi.

Shi kuwa "merge together" da ake yawan gani, ba ya ɓata ma'ana, sai dai maimaici ne, tunda haɗuwar tana cikin kalmar tun farko, kuma a rubutun ofis gara a bar shi. Haka nan "between" yana bin sunan aikin ne, wato "a merger between", ba a cewa "merged between".