Ruwan Tiga da kachalar Nguru: abin da aiki ya koya mini

A makaranta an koya mana lissafin madatsar ruwa tamkar lissafin asusu: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da rana ta shanye, abin da ya rage. Har gobe da wannan lissafin muke aiki. Sai dai shekarun da na yi a harkar ruwa nan Kano sun nuna mini cewa mutumin da ke ƙasan kogi ba ruwansa da jimillar shekara. Shi dai a gaya masa wane wata ruwan zai iso, da wane ƙarfi, kuma yaushe zai janye.

Kogin Kano daga tsaunukan Jos ya gangaro. An tare shi a Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, aka tare Kogin Challawa a Ƙaraye a 1992. Su biyun ne ke haɗuwa kudu da birni su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim ya nufi gabas. Kafin madatsun, kogin damina ne: a Agusta ya cika ya malale fadamu, da rani ya koma yashi, yara na ƙwallo a cikinsa. Yanzu kuwa ruwan Tiga na bin babbar kwata ya biya ta Ruwan Kanya ya shayar da Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Shinkafar Kura da tumatirin Kwanar Gafan duk albarkacinsa ne. Wani kason ruwan madatsun biyu kuma ana sakinsa cikin kogi rani da damina, domin injinan matatun Tamburawa da Challawa su samu na ja. Idan yashi ya taru a bakin injinan, sai an ƙara yawan abin da ake saki kafin ruwan ya kai gare su. Birni ya sha nasa, sauran ya wuce.

Wannan sauran shi ne ya sauya fadamun Haɗeja da Nguru. Ƙasar can shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya gudu. Da kogin ya daina bushewa, kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu wurin zama: ruwa marar zurfi, kwance, wata goma sha biyu. Ta yi kauri ta fi mutum tsayi, ta riƙe laka, ta toshe tsofaffin hanyoyin ruwa. Ruwan da a da yake wucewa Gashua ya shiga Komadugu Yobe sai ya juya ta hanyar ruwa ta Marma ya nufi tafkin Nguru, ya kwanta a gonakin mutane. Babu injiniyan da ya zana wannan karkatarwar, ba ta cikin kowace takarda, amma ta fi wasu da aka kashe wa kuɗi tasiri. Ga tsuntsun jan-baki kuma, da ya mai da kachalar gidansa, yana fitowa da safe ya aske gero da shinkafa.

Wani dattijo a can ƙasan Haɗeja ya taɓa kai mu bakin gonarsa cikin kwalekwale. Ya soka gora a ruwan, ya zaro ta da baƙar laka mai wari, ya ce nan ne yake noma shinkafa da alkama a da. Na zaci ƙarin ruwa zai roƙa, don abin da muka saba ji ke nan. Sai ya ce, "Injiniya, don Allah ku rufe mana shi ko wata biyu ne. Ya bushe, mu cinna wa ciyawar nan wuta." Na ce, "Baba, in muka rufe, Kano fa?" Ya yi dariya ya ce ai ya sani, Kano ba a taɓa ta.

Ɗaya wahalar tana zuwa ne a Agusta. Ka riƙe ruwa domin noman rani, sama ta ƙara zubowa, madatsa ta cika ta yi amai lokacin da Ringim da Auyo ke cikin ruwa tsundum. Ka saki da wuri, damina ta ɗauke, manoman Kura su tsine maka a watan Maris. Duk wanda ya ga yadda madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, ko ta Alau a Maiduguri a 2024, zai fi karkata ga saki, kuma ni ma nan na karkata. Hukuncin kuwa kacokan ya rataya ne a kan mutumin da ke zuwa bakin gada da asuba ya duba sandar awo ya rubuta a littafi, wanda sau da yawa shi ne na ƙarshe da ake tunawa da alawus ɗinsa.

Shi ya sa idan ana zancen ɗauko ruwa daga wani kwari zuwa wani, ba girman bututu nake fara tambaya ba. Lesoto ta tare ruwan tsaunukanta a Katse, ta huda dutse ta tura shi Kogin Vaal domin Johannesburg, bisa yarjejeniyar 1986, ana biyanta kuɗi. Duk da haka sai da aka dawo ana muhawara kan abin da za a bar wa ƙauyukan da ke ƙasan madatsar. Nan gida ana jan ruwan Gurara a bututu zuwa madatsar Usuma domin Abuja. Ga kuma tsohon mafarkin jawo ruwan Kwango zuwa Tafkin Chadi, wanda aka sake tayarwa a taron Abuja na 2018.

Na kusa da mu shi ne gina madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, aikin da aka fara aka dakatar. Bauchi na son sa domin noman rani, kuma tana da hujja. Amma Jama'are shi ne kogin da har yanzu yake kai wa Gashua da Geidam ambaliyar damina a kan lokacinta, shi ya sa duk sanda aka tayar da maganar, Yobe da Borno ke cewa a'a.