Tiransistar da ke cikin rediyon kakana

Rediyon kakana ne, VEF, ƙirar birnin Riga tun zamanin Tarayyar Sobiyet. Da shi yake kama BBC a zaurenmu nan Maradi. Bayan rasuwarsa na ɗauko shi na sa batir, sai ƴar murya can ƙasa-ƙasa. Da na buɗe bayansa na tarar da wasu ƙananan tiransistoci na ƙarfe, masu ƙara wa sigina ƙarfi, kamar hula mai baki, ƙafa uku-uku. A jikin ɗaya an rubuta M, sai wani harafi mai siffar ƙofar ɗaki, sai 41.

Na karanta shi MN41. Kwana uku ina neman wannan lamba a intanet, ban samu abin da ya yi kama da ita ba. Na cire ta na gwada da mitar awon lantarki: tsakanin ƙafar tsakiya da sauran biyun, wajen volt 0.2 take nunawa. Ni kuwa na saba da 0.6 zuwa 0.7, don haka na yanke cewa ta ƙone. Saura kaɗan in jefar.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a gefen babbar kasuwa ya karɓa, ya gyara tabarau, ya juya ta a tafin hannunsa.

"Ɗana, wannan rubutun Rasha ne. Ƙofar nan taka P ce. MP41 ke nan, kuma lafiyarta lau."

Ya ce da sinadarin jamaniyom aka yi ta, shi ya sa awonta ya tsaya tsakanin 0.2 da 0.3, 0.6 ɗin da na sani na waɗanda aka yi da sinadarin silikon ne. Da ya ɗora baƙar wayar mita a ƙafar tsakiya, ja a kowace ta gefe, duka biyun suka nuna, wato PNP ce, ɗaya daga cikin nau'o'in irin wannan tiransista guda biyu. Ya ƙara mini da cewa ƴan Japan ma sukan yanke 2S ɗin farkon lambar tiransista, sai ka ga B56 alhali 2SB56 ne, na Turai kuwa in lambar ta fara da A, kamar AC128, jamaniyom ce.

Abin da ya fi ja mini kunne a kai shi ne zafi, domin jamaniyom ba ta jure shi. Da zan mayar da ita na kama kowace ƙafa da filaya kafin in ɗora dalma, don filayar ta janye zafin, hannuna har rawa yake.

Ashe wata kafasita ce, ƴar na'urar da ke riƙe cajin lantarki, ta bushe. Na canja ta, bayan sallar isha'i na murɗa, murya ta cika zauren. Mahaifiyata ta leƙo daga cikin gida ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare.