Yau aka yi wa 'yar Yaya tiyatar zuciya

Talata, Gombe.

Ƙarfe uku da rabi na dare wayata ta yi ƙara. Yaya ne daga Indiya, kalma huɗu kacal: "An shiga da ita." A can ƙarfe takwas ne na safe, sun riga mu da awa huɗu da rabi. Na leƙa ɗakin Hajiya in sanar da ita, na tarar ko kwanciya ba ta yi ba, tana kan darduma ta yafa bargo saboda hunturu. Ta ce, "Allah ya ba su sa'a," ta ci gaba da jan carbinta.

Gari na wayewa Goggo ta iso daga Pantami da ƙullin ƙosai a bokiti, za a soya wa almajirai sadaka. Tana hura wuta ta ce, "Ni fa har yanzu ban gane ba. Huji ne a zuciya, ko? Saboda toshe huji kawai aka sayar da fili?"

Haka kowa ke faɗa tun da aka fara wannan jinya, har a masallacin unguwa haka aka sanar. Sai na jawo kujera na zana mata a ƙasa da tsinke, kamar yadda likitan yara ya zana mana a bayan kati a Asibitin Koyarwa na Tarayya ranar da aka ɗauki hoton zuciyar. Jinin da ya sha iska a huhu yana komawa zuciya ta jijiyoyi huɗu, biyu daga dama biyu daga hagu, su zuba a ɗakin sama na hagu, daga nan a tura shi ko'ina a jiki. Nata jijiyoyin huɗun sun haɗu a bayan zuciya amma ba su shiga ɗakin ba. Wata jijiya ce ta kwashi jinin ta haura sama, ta juye shi cikin babbar jijiyar da ke dawo da jinin jiki ɓangaren dama. Mai iska da marar iska duk sun gauraye a can. Ɓangaren hagu kuwa ba ya samun ko ɗigo sai abin da ya ratsa ta hujin nan.

"Goggo, hujin shi ya riƙe ta har yau. Da babu shi da ba ta kai ranar suna ba."

Ta saki ludayi. "Ikon Allah! To don me za a toshe?"

Na ce sai an buɗe wa jinin hanyarsa ta gaskiya tukuna. Za su tsaga ƙashin ƙirji, su ɗora ta kan na'urar da ke yin aikin zuciya da huhu, su tsayar da zuciyar cak. Sannan su buɗe mahaɗar jijiyoyin su ɗinke ta da bayan ɗakin hagu, su ɗaure waccan da ta haura sama, hujin kuma a yi masa faci da tantanin da ke lulluɓe da zuciyarta. Da na zo kan tsayar da zuciya Goggo ta ce in yi shiru haka nan, kada Hajiya ta ji.

Ina kallon ƙosai na tashi a mai ina tuna yadda abin ya fara. Yarinya ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, gumi ya tsattsafo mata a goshi alhali ana sanyi. In ta yi kuka leɓɓanta su yi shuɗi-shuɗi. An ce sanyi ne, an ce nimoniya ce, an sha magani iri-iri daga kemis. Sai da wata nas ta maƙala mata 'yar na'urar nan mai auna iskar da ke cikin jini a ƙafa, lamba ta tsaya a tamanin da wani abu maimakon casa'in da biyar zuwa sama, ta ce a tafi a duba zuciya.

Wajen tara da rabi Yaya ya kira, murya na rawa. An fito, zuciya ta karɓi aiki da kanta. Hajiya ta yi sujada a tsakar gida. Ya turo hoto: bututu a baki, bututu a ƙirji, filasta tun daga wuya har kusa da cibiya. Na so ɓoye shi, Hajiya ta ce, "Miƙo." Ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Kai, dubi bakinta, ya yi ja."

Da la'asar gida ya cika da 'yan barka, kowa na cewa an wuce wurin. Ni dai "amin" kawai nake yi, domin na ji abin da Yaya ya ce likita ya gaya masa. Kwanakin farko jijiyoyin huhu kan matse farat ɗaya, jini ya kasa wucewa, shi ya sa suka bar ta cikin barci a kan na'urar numfashi. Bayan nan akwai wata fargabar: wasu yaran wurin ɗinkin kan tsuke bayan watanni, galibi cikin shekarar farko, har a sake komawa tiyata. Ke nan hoton zuciya a kai a kai ya zama dole, ko da tana wasa tana dariya.

Abin da ya tsaya min a rai yau shi ne mu ma rangwame muka samu. Irin nata, mai haurawa sama, shi ya fi yawa, kuma hanyar ba ta toshe ba, shi ya ba mu sararin neman fasfo da biza da haɗa kuɗi. Akwai wanda jijiyar ke gangarawa ƙasa ta nufi hanta. Wannan kusan kullum a toshe yake, jariri na bukatar tiyata cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Wanda aka haifa da shi a wani ƙauyen Dukku ko Nafada, wace biza zai jira? A Inugu aka fara tiyatar buɗe zuciya a ƙasar nan tun 1974, amma har yau mai jariri irin wannan a yankinmu sai ya yi doguwar tafiya.

Bayan isha Yaya ya rubuto cewa fitsari na fita yadda ake so, zazzaɓi babu, in ta kwana lafiya gobe za su gwada rage na'urar. Ya ce in je asibiti in ji ranakun da likitan zuciyar yara ke zama, a shirya mata layi kafin su dawo. Katin yana ɗakin matarsa, makullin kuma yana hannun Goggo, ta tafi da shi Pantami. Sai na biya ta can da sassafe kafin in wuce makaranta.