Abin da aikin rewaya ke koyarwa game da batirin babbar mota

Masu tirela da tanka da tifa a Kaduna kusan tambaya ɗaya suke yi wa mai rewaya in za su sayi batir: shekara nawa zai yi? A ƙasashe masu sanyi batirin babbar mota na kaiwa shekara 3 zuwa 5. A nan wurinmu wanda aka kula da shi yakan yi shekara 2 zuwa 3, wanda aka wulaƙanta kuwa da ƙyar yake ganin shekara ɗaya da rabi. Sai dai lissafin shekaru ba ya raba gardama. Batura biyu da suka fito daga kamfani ɗaya a wata ɗaya, ɗaya na iya ninka ɗan'uwansa kwana, kuma dalilin yana jikin motar da hannun mai riƙe da ita. Mitar awon wutar batir ce ke faɗin lokacin canji, ba kalanda ba.

Yawancin manyan motocin da ke bin titunanmu, irin su DAF da MAN da Iveco da Howo, da bolt 24 suke aiki. Batura biyu ne masu bolt 12 kowanne, aka haɗa su jere, ƙarfinsu daga 150Ah zuwa 225Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya riƙewa). Kowane batir yana da ɗaki shida, kowane ɗaki na ba da bolt 2.1, a ciki akwai farantan dalma jiƙe cikin asid da aka sirka da ruwa. Wasu motocin Amurka irin Mack da bolt 12 suke tafiya, da batura uku ko huɗu a haɗe gefe da gefe, don haka a san irin motar kafin a taɓa waya.

Direbobi da yawa sun ɗauka sanyi ne ke kashe batir, saboda da hunturu ne mota ke ƙin tashi. Wanda ya taɓa kwana a Mararrabar Jos cikin Disamba ko Janairu ya san wannan ƙarar ta asuba: a murɗa makulli, kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, ya yi tak-tak-tak, fitilun allon direba su dushe, shi ke nan. Amma ɓarnar tun bazara aka yi ta. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke haura digiri 35, ruwan batir na ƙonewa da sauri, farantan dalma na cin tsatsa daga ciki. Ƙa'idar da masu ƙera batir ke amfani da ita ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rabin kwanan batir. In hunturu ya zo, man inji ya yi kauri, kik na neman wuta fiye da da, batirin da ya riga ya raunana sai ya kasa. Hunturu tona asiri kawai yake yi. Shi ya sa lokacin auna batir shi ne Oktoba ko Nuwamba, damina ta ɗauke, sanyi bai sauka ba.

Awon ba shi da wahala, kuma mitar da ake yinsa da ita ba ta kai kuɗin jan mota sau ɗaya ba. A kashe inji, a bar motar ta huta sa'o'i, in da hali ta kwana. A auna kowane batir shi kaɗai, kada a auna su a haɗe, don jimillar bolt 24 tana ɓoye mara lafiya a bayan mai lafiya. Bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakken caji ne. In ya nuna 12.4 ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Wanda aka yi wa caji sosai amma ya dawo wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu a cikinsa, kuma babu gyaran da zai dawo da shi yadda za a amince masa a doguwar hanya.

Wannan awon na farko caji kawai yake nunawa, ba ƙarfi ba. Tsohon batir na iya nuna 12.6 yana zaune, a ɗora masa nauyi ya durƙushe. Saboda haka a bar mitar a kansa, a ce wa yaron mota ya murɗa makulli, a zuba ido kan lambar. Lafiyayye ba ya faɗuwa ƙasa da bolt 9.6 yayin da kik ke juyawa. Wanda ya gangara 8 ko 7 bayan an tabbatar an cika shi da caji, kwanansa ya ƙare. Batir mai murfi kuma ana iya zuƙo ruwansa da gilashin awon nauyin asid: cikakke na nuna tsakanin 1.250 da 1.280, in kuwa bambancin ɗaki da ɗaki ya wuce 0.050, ɗakin da ya yi ƙasa ya lalace. In ruwan da aka zuƙo ya fito baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, dalmar faranti ce ke zubewa.

Kafin a yanke wa batir hukunci, a binciki abin da ke ciyar da shi. Da yawa daga baturan da ake jefarwa a gareji, laifin alteneta ne, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji na aiki, ko fambel da ya saki. A tayar da inji, a ɗan taka totur, a auna duka biyun a haɗe: ya kamata a ga tsakanin bolt 27.6 da 28.8. Ƙasa da haka batir na zaune da yunwa kullum, wani farin gishiri ya daskare a jikin farantan, ya hana su karɓar caji. Sama da haka kuma dafa shi ake yi: ruwa na ƙarewa da wuri, jikinsa ya yi zafi, a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokaci gefensa ya kumbura. In aka sa sabon batir a kan irin wannan alteneta, wata shida ya yi yawa. Sannan a daina cire kan batir inji na aiki wai don a gane ko alteneta na caji. Dabarar tsofaffin motoci ce, a motar zamani tana ƙona alteneta da ƙwaƙwalwar mota.

Akwai wata ɗabi'a da ta cinye batura fiye da kima, kuma ba a cika ganin laifinta ba. Direba na son rediyo ko fanka ko wurin cajin waya masu bolt 12, sai a ja masa waya daga batir ɗaya kawai. Daga ranar baturan biyu sun rabu. Wanda ake zuƙa ba ya cika, ɗan'uwansa kuma cajin ya yi masa yawa, domin alteneta jimilla take gani, ba ta san wane ne mai yunwa ba. Ɗaya gishiri ya kashe shi, ɗaya zafi ya dafa shi. Maganin wannan ƙaramar na'ura ce mai sauke bolt 24 zuwa 12, ana samunta wurin masu kayan wutar mota, kuma kuɗinta ba ya ko kusa da na batir ɗaya.

A nan ne ake yawan sa-in-sa da maigida. In ɗaya ya mutu sai ya ce a canja shi kaɗai, ai ɗayan na da sauran rai. Hujjarsa a fili take, batir ya yi tsada. Amma sabo da tsoho a jere kamar haɗa bijimi da tsohon sa ne a garma ɗaya: tafiyar ta mai rauni ce, mai ƙarfin kuma ya gaji da wuri. In baturan sun wuce wata shida tare, a canja su duka biyu, iri ɗaya, ƙarfi ɗaya. Tsohon da ke da sauran rai a ba shi aiki mai sauƙi, ko a haɗa shi da sa'ansa a wata mota.

Maganar ruwa kuwa, abin da ke ƙonewa a batir ruwa ne, asid na nan bai je ko'ina ba. Mai ƙara asid duk lokacin da ya ga ruwa ya yi ƙasa, ƙara wa faranti guba yake yi. Tataccen ruwan batir kawai ake zubawa, ba fiya wata ba, ba ruwan rijiya ko na burtsatse ba, don ma'adinan cikinsu na gurɓata ɗakunan. Ya rufe faranti da kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kada a cika shi har baki. Da bazara a duba duk mako biyu. Faranti da ya bushe a iska, wurin da ya bushe ya tafi ke nan.

Girgiza ma na da nata rabon. Hanya irin ta Birnin Gwari tana kakkaɓe dalma daga faranti, ta taru a gindin ɗaki har ta haɗa wuta. Batirin da aka ɗaure da igiya ko tsohuwar roba rawa yake yi a akwatinsa. Ƙarfen maƙale shi ya zama yana nan, a ɗaure tamau. Farin garin da ke taruwa a kan batir a wanke shi da ruwan zafi da soda irin ta gashin burodi, a goge da buroshin waya, a ɗaure, sannan a shafa giris. Tankar da za ta yi makonni a layin lodi, ko tirelar da ke jiran kaya a Kakuri, a cire mata wayar da ke ɗaure da jikin mota, in ba haka ba na'urar bin sawu da rediyo za su tsotse ta a hankali. In kuma inji ya ƙi kamawa, kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15, a huta minti biyu kafin a sake.

Wajen sayen sabo, ko a Panteka ko a shagon dila, a tafi da mita. Batir yana tsufa ko a kan kanta, don haka a duba lambar watan da aka ƙera shi, a guji wanda ya wuce wata shida a ajiye, a kuma ƙi wanda ya nuna ƙasa da 12.4. A ɗaga shi a ji. Mai 200Ah na gaskiya ya haura kilo 50, in ya yi sakwal a hannu an rage masa dalma, ko me aka rubuta a jikinsa. Na hannu da ake wankewa a sake wa asid yakan tayar da mota ranar saye, amma farantansa tsofaffi ne, ba abin shiga hanyar Legas da shi ba ne. A rubuta ranar da aka sa shi da fenti a jikinsa, daga wata 18 kuma a riƙa auna shi a duk sabis.

Wurin cirewa a fara da wayar jikin mota, wurin sawa ita ce ta ƙarshe, don kada sifana ta taɓa ƙarfe ta yi tartsatsi. Batir na fitar da iska mai kama wuta, musamman lokacin caji, saboda haka ba sigari kusa, ba gwada shi da gutsuren waya a ga ko zai yi walƙiya. Murfi na iya fashewa, asid ya watsu a fuska. In caji za a yi masa a ƙasa, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa ya isa, wato amfiya 20 ga mai 200Ah, a bar shi ya kwana. Tsohon kuma a mayar wa dila ko mai sayensa a rufe yadda yake. Kada a zubar da asid ɗinsa a kwata, kada a fasa shi ko a narkar da dalmarsa a cikin unguwa. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, a can daga dutsen zinari ta fito, amma irinta ce ke cikin batir, kuma ƙurarta ta fi illa ga ƙananan yara da ke wasa a ƙasa.