Fitilu huɗu, ta ga biyu

Jiya daga unguwar Aboabo a Ghana muka hau trotro, wato motar haya, na kai autata asibitin ido. Likita ta sa mata tabarau, gilashin dama ja, na hagu kore, ta kunna ƙananan fitilu huɗu: ja ɗaya, kore biyu, fari ɗaya. "Nawa kika gani?" Yarinya ta ce, "Biyu, duk jajaye." Gabana ya faɗi, ga huɗu ina kallo ƙuru-ƙuru!

Likita ta ce, "Hajiya, idon hagu a buɗe yake, amma ƙwaƙwalwa ta kasa haɗa hotonsa da na dama, sai ta yi watsi da shi."

Shekararta 6, ni nake mata kitso, ban taɓa lura ba. An ba mu tabarau, kuma kullum za mu riƙa rufe idon dama na ɗan lokaci don na hagun ya yi aiki. Ku sa mu a addu'a.